Shekarar da Na Ci Jarrabawar Auta

Akwai maganar da ke yawo a tsakaninku, kuna tsammanin ba ta zo kunnena ba. Ta zo. Matar ɗan'uwanku Habibu ce ta fara sakinta a wurin suna, ta bi ta bakin mai kitso, ta ratsa majalisar ƙofar masallaci, ta same ni a zaune ina ɗaure wa akuya igiya. Wai ni na tsare Auta a gidan nan bayan rasuwar Innarku, ina yin kamar ban gane kwamfuta ba da gangan, don kada ta tafi aikinta ta bar ni. Na ji daɗin rabin maganar, domin tunda nake ba a taɓa zargina da ɓoye basira ba. Amma ba haka aka yi ba, kuma gara in gyara da hannuna tun ina iya zama gaban wannan abin ina danna haruffa da yatsa ɗaya. Wallahi ba da gangan na yi ba, da gaske kaina ne bai ɗauka ba. Kun san iyakar bokona. Na leƙa firamare, na ga malamin yana da dorina, na ga rafi kuma yana da tarwaɗa, na zaɓi wanda ya fi min sauƙi. Ɗan karatun da nake yi yanzu a jikin buhun taki da kwalin magani na ƙarasa shi.

Ga yadda abin ya faro. Auta, wato Rukayya, ta gama karatun kwamfuta a Kano daidai lokacin da ciwo ya kwantar da Innarku. Ku duka kuna gidajenku da 'ya'yanku, ban ga laifin kowa ba. Ita ce babu nauyin kowa a kanta, sai ta ɗauko jakarta ta dawo jinya. Jinya kuwa zama ce mai tsawo, ita kuma Auta tun tana ƙarama ba ta iya ajiye hannu a cinya. A cikin wannan zaman ne ta buɗe wa ƙungiyarmu ta masu noman rani a Watari wani abu da ake kira wiki. Don tsarana da ba su san shi ba: shafuka ne a intanet da kowa zai iya shiga ya rubuta abin da ya sani, wani ya zo ya gyara masa, wani kuma ya zo ya gyara wa mai gyaran. Kamar hirar gindin tsamiya ce, sai dai ita ba ta bin iska. Aka zuba a ciki ranakun da ake sakin ruwa a kowane kanal, da irin shinkafar da ke karɓar ƙasarmu, da maganin tsutsar tumatir, har da wanda aka gwada ya ƙone gona. Da yake yawancinmu karatu sai a hankali, sai ta liƙa masa wata 'yar ƙaramar manhaja mai ɗaukar murya, mutum ya faɗi abinsa da baki, wani ya danna a wayarsa ya saurara. Irin waɗannan ƙananan da ake liƙa wa babbar manhaja, ita tana ce musu fulogin. Ni na ce musu 'yan goyo, tunda a bayan uwa suke, kuma sunan ya bi su har yau a garin nan.

Innarku ma an ɗauki tata. Wata rana da ta ɗan ji sauƙi, aka jingina ta da filo a ƙofar ɗakinta, ta yi bayanin yadda ake daddawar kalwa tun daga dahuwa har rufewa. Ni kuma na tsaya a kansu ina sa baki, ina cewa a ƙara gishiri, alhali ban san ko ana sa gishirin ba. A tsakiyar bayanin za ku ji ta katse ta ce:

"Malam, don Allah ka fita mana, magana ake ɗauka."

Sai dariyar Auta ta biyo baya. Auta ta so ta yanke wurin, Innarku ta ce a bar shi, duniya ta ji irin zaman haƙurin da ta yi. Ba a jima ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Kun zo, kun cika gidan, an yi zaman makoki, an yi addu'ar arba'in, kowa ya kama hanya. Ban san gidan nan yana da faɗi haka ba sai da kuka watse. Innarku ba mai surutu ba ce, amma ashe motsinta ne ya cika ko'ina: ƙarar murfin tukunya, faɗan da take yi da kaji, ɗan tarin da take yi idan tana son in san na daɗe a waje. Duk suka ɗauke lokaci guda. Abin da ya rage shi ne ƙas-ƙas ɗin yatsun Auta a kan kwamfuta daga ɗakin da ke kusa da rumbu, inda wayar sola ta sauko. In na dawo daga gona, kafin in yi sallama sai na tsaya a zaure na kasa kunne. In na ji wannan ƙas-ƙas ɗin sai in shiga da ƙarfina.

A lokacin ne wani kamfani a Abuja ya neme ta. Sun ga aikinta, sun ce ta zo. Masauki ba matsala ba ne, ga yayarta Asabe a can. Na yi tsammanin za ta fara haɗa kaya, sai ta ce ba za ta iya tafiya ba sai ta gama wani aiki. Ta buɗe min kwamfutar ta nuna min wani baƙin allo cike da rubutu kamar sawun tururuwa. Ta ce duk wani ɗan canji da za a yi wa wikinmu, ko sunan ƙungiya ne, ko a ba wani izinin gyara, ko a ɗora ɗan goyo ko a sauke shi, sai an shiga cikin wannan rubutun. In aka kuskure ɗigo ɗaya, komai ya mutu. Duk faɗin garin nan ita kaɗai ta san hanyar. Ranar da ta tafi, matsalar farko da ta taso ita za ta binne abin, har da muryoyin da ke ciki. Don haka take son ta gina shafin saiti, wato wuri mai maɓallai kamar na fitila, wanda ko wane ne zai iya kunnawa ya kashe, da kuma wurin kula da 'yan goyo. Kuma ba mu kaɗai za ta yi wa ba, duk mai amfani da wannan manhaja a duniya zai samu.

"To wa ya mallaki manhajar?" na tambaye ta.

"Ba kowa, Baba. Ko in ce kowa. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban, wanda ya ga inda ya lalace sai ya gyara, ya miƙa a duba."

"Gayya kenan."

"Gayya ce."

"Wa ke dama musu kunu?"

"Ba kunu."

"Gayya ba kunu ba kiɗa? Auta, an cuce ku."

Wanda ke duba aikin nata wani mutum ne da ba ta taɓa gani ba, ba ta san garinsu ba, ba ta ma tabbatar ko namiji ne ko mace ba. A inda ake sa hoton fuska, shi hoton agwagwa ya sa. Na raɗa masa Agwagwa. Kullum in na ga ta haɗe rai sai in ce, yau kuma me Agwagwa ya ce? Sai ta ce ya dawo mata da aikin, wai ta gyara kaza da kaza. Na taɓa cewa a aika masa da busasshen tumatir ko zai sassauta, ta yi dariya har ta sarƙe da ruwa.

Ni kuwa ga inda na shigo. Ta ce ba za ta ɗauka aikin ya kammala ba sai ranar da na iya sarrafa shafin ni kaɗai.

"Idan ka iya, Baba, kowa zai iya."

"Allah ya yi miki albarka da wannan yabo," na ce.

Na tambaye ta me ya hana ta gwada da Malam Isyaku, sakataren ƙungiyarmu, taubashina, wanda ya yi shekara da shekaru yana koyarwa a firamare. Ta ce shi in abu ya rikice zai yi amfani da wayonsa ya wuce, ba za ta gane inda ta yi kuskure ba. Wanda take nema shi ne wanda duk ramin da ke hanya sai ya faɗa. Ban taɓa jin an nemi mutum aiki da irin wannan dalili ba, amma na san na cancanta.

Yadda ake jarrabawar shi ne abin da ya fi ba ni wuya. Bayan la'asar za ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora kwamfutar a kan kujerar tsugunno ta Innarku, ta ce, Baba, canza sunan ƙungiya. Shi kenan. Sai ta koma gefe ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinyarta, ta yi gum. Ba ta nuni, ba ta tari, ko ido ba ta bari mu haɗa. In yi ta lalube, gumi na zubo min, in juya in ce, nan ne? Sai ta ce, a ina kake tsammani? Yarinyar da in ta ga na ɗauko buta sai ta ruga ta karɓa, ga ta zaune tana kallon ubanta yana nutsewa. Daga baya ta faɗa min ita ma daurewa take, shi ya sa take danne hannun. Ta ce in ta taimake ni sau ɗaya, to shafin bai koyi komai ba, kuma ranar da nake buƙatarsa ba ta nan.

Wata rana Isyaku ya yi sallama ya same mu a haka. Ya tsaya ya kalle ni, ya kalle ta, ya cire hularsa ya mayar.

"Garba, ka gudu daga makaranta da ƙuruciya, ga makaranta ta biyo ka har ɗaka da furfura."

"Ita wannan malamar ba ta da dorina."

"Da ni ne ita da na nemo. Rukayya, in kin gaji ki aiko, akwai tawa a rataye."

Ɓarnar da na yi a wannan ranin ba ta faɗuwa. Na taɓa juya harshen shafin ya koma wani rubutu mai kama da ƙugiyoyi, na kasa samun hanyar dawowa. Na taɓa rufe wa kowa ƙofa har da ni kaina. Kowace ɓarna sai ta rubuta, washegari in tarar ta gyara wurin: ta ƙara girman rubutu, ko ta canza kalmar da ta ruɗe ni, ko ta sa abin ya tambaya kafin ya aikata. Sau ɗaya ne kawai na yi da gangan, ranar da na gano inda ake sa tambarin ƙungiya, na ɗora hoton Isyaku yana barci a taro baki buɗe. Wannan kam na amsa.

Sai ranar da ba a yi dariya ba. Ta ce in kashe ɗan goyo ɗaya da ba a amfani da shi. Na duba, na ga jeri, na danna wanda hannuna ya kai. Aka kira ta daga maƙwabta, ta fita. Ina nan zaune sai na ce bari in ji Innarku kafin ta dawo, domin wannan hanyar kam na haddace ta tuntuni. Na buɗe shafin daddawa. Ɗan maɓallin da ake dannawa babu shi. Wurin fari fat. Na rufe na sake buɗewa, babu. Na je shafin shinkafa inda marigayi Alhaji Ɗanladi ya yi magana, shi ma babu. Sai na gane na muryoyi na kashe. Ban kira Auta ba. Na rufe kwamfutar a hankali, na ɗauki fartanya kamar mai abin yi, na tafi gona na zauna a bakin kanal. Ranar da aka kai Innarku ban yi kuka ba, kun gani da idonku, har ana cewa na yi tawakkali. A bakin kanal ɗin nan na yi shi, ni da balbelu.

Can ta same ni, ta zo da gudu, mayafinta a hannu.

"Baba, ba ta ɓace ba. Wallahi tana nan. Shafin gwaji ne ma kake taɓawa, ba na gasken ba. Kuma ko a na gasken ne, kashewa ba gogewa ba ce, da an kunna za ta dawo."

"To me ya hana abin ya faɗa min?"

 Ta tsuguna kusa da ni tana tsinkar ciyawa.

"Laifina ne," ta ce. "Ni na sani, sai na ɗauka kowa ya sani."

Kwanakin da suka biyo baya da ƙyar take ɗaga kai ta ci abinci. Abin da ta fito da shi shi ne wannan: duk wanda zai kashe ɗan goyo, kafin ya mutu sai wani ɗan akwati ya fito a allo ya jera masa duk abin da ya dogara da shi. A ƙasa ta rubuta: "Idan ka kashe wannan, waɗannan shafukan za su yi shiru. Babu abin da zai ɓace. Da ka sake kunnawa za su dawo." Ta miƙa wa Agwagwa. Karon farko bai dawo da aikin ba. Ya ce abin da ya kamata a yi tun da daɗewa kenan, ya tambayi yadda aka yi ta tuno da shi. Ta ce masa mahaifinta ne. Ya ce a gaishe ni. Na ce a ce masa ina amsawa, kuma tayin tumatir yana nan.

Damina ta sauka, muka koma gonar tudu, gero ya fara tasowa, jarrabawa ba ta tsaya ba. To a nan ne maganar da nake son ku ji take. Wata la'asar, ana ɗan yayyafi, ta ce in ɗora sabon ɗan goyo, in kashe tsohon, in ba Isyaku izinin gyara. Na yi na farko. Na yi na biyu. Na yi na uku. Ban tambaya ba, ban faɗa rami ko ɗaya ba. Na juya ina washe baki ina jiran a yi min guɗa. Auta ta kalli allon ta daɗe, ta ce, madalla, Baba. Ta tashi ta shiga madafa, alhali ba lokacin girki ba ne.

Washegari da na zauna sai na tarar an kwashe komai. Abin da ke dama ya koma hagu, abin da ke sama ya shige ƙarƙashin wani abu. Na faɗi jarrabawa warwas. Ta ce ta ga tsarin jiya bai yi kyau ba ne. Na yarda. Na sake koyo, na sake kamawa, ta sake kwashewa. A karo na gaba ne na fara lura. Ni dai jahili ne, amma na yi maƙwabtaka da mutumin da duk shekara yake ɗan matsar da iyakar gona, na san yadda abin yake kama. Kuma na ji ta a waya da mutanen Abuja tana cewa su ƙara mata haƙuri, har yanzu mahaifinta bai iya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na yi kwanaki ina jin daɗi. Ga tuwo da zafinsa, ga mai ce min sannu da zuwa, ga ƙas-ƙas a ɗakin kusa da rumbu. Ba ni na roƙa ba, ba ni na hana ba, abin da kawai ake so da ni shi ne in ci gaba da zama daƙiƙi, aikin da na ƙware a kai tun ina yaro. Amma sai na fara kallonta. Ƙawayenta sun daina kira. Ta daina faɗa da Agwagwa. Rannan na gan ta zaune a kujerar Innarku tana tsince shinkafa, ta sunkuya daidai yadda Innarku ke sunkuyawa, har ɗan tarin. Yarinya mai ƙuruciya. 

Da kaka muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na ce:

"Auta, yaushe za ki daina matsar min da iyaka?"

Hannunta ya tsaya.

"Wace iyaka, Baba?"

"Kin san wadda nake nufi. Na ci jarrabawar nan tun gero bai fid da kai ba."

Ta ci gaba da ɓara ba ta kalle ni ba. Sai can ta ce:

"Wa zai dafa maka?"

"Matar Sule tana nan." Sule ƙanena nake nufi, da ke bayan katangarmu.

"Miyarta ba gishiri."

"Ai kin san ni da gishiri, zan ƙara."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta rufe fuska da gefen zaninta.

"Inna ta ce in kula da kai."

"Ni ma ta ce in kula da ke. Kin ga ta haɗa mu faɗa ta tafi abinta."

 Na san in na bar maganar a tsakaninmu za ta sake samun abin da za ta matsar. Don haka na je na sami Isyaku, na ce ya sanar ranar Juma'a bayan an sauko za a miƙa wa ƙungiya shafin saiti, kuma ni zan gwada a gaban kowa. Ya ce, Garba, kunyar da za ka sha ka tanadi inda za ka zuba ta? Na ce ya zo da buhu.

Aka taru a gindin tsamiyar ƙofar ofishin ƙungiya. Aka ɗora kwamfuta a kan tebur, aka ba ni kujera, mutane suka kewaye ni kamar ana wasan kura. Auta ta zauna can gefe cikin mata, ta danne hannayenta. Isyaku ne mai faɗar abin da za a yi. Na canza sunan ƙungiya na mayar. Na ɗora ɗan goyon da ke nuna ranakun ruwa. Aka fara cewa, kai, Garba ne kuwa? Sai Isyaku ya ce, saura ɗaya, kashe na muryoyi ka sake kunnawa.

Na danna, akwatin ya fito. Ga jerin shafukan da za su yi shiru, ga na daddawa a ciki. Na karanta a bayyane, da irin karatuna mai tuntuɓe, har inda aka ce babu abin da zai ɓace. Daga nan yatsana ya tsaya a sama. Ku ji wannan da kyau, domin ita ce kaɗai daƙiƙar da zargin matar Habibu ya kusa zama gaskiya. Na ga in na karkace hannu kaɗan, na danna wani wuri, na ce na ruɗe, babu mahalukin da zai zarge ni. Za a yi dariya, Isyaku ya samu abin faɗa har ya mutu, Auta ta ce aiki bai ƙare ba. In samu wani ranin, wataƙila da wata daminar. Na ɗaga kai na dube ta. Ba ta kallon allon, ni take kallo, kuma wallahi har yau ban san wanne take roƙo a ranta ba.

Na kashe. Na buɗe shafin daddawa, fari fat. Na koma na kunna. Na sake buɗewa, ga maɓallin ya dawo. Isyaku ya ce a danna a tabbatar, wani ya miƙa hannu ya danna kafin in hana, sai ga muryar Innarku a gaban duk ƙungiya tana cewa in fita, magana ake ɗauka. Wurin ya ɓarke da dariya. Isyaku ya dafa kafaɗata, bai ce komai ba, kuma tunda muke da shi ban taɓa ganin ya bar irin wannan damar ta wuce ba.

Ba a yi sati biyu ba ta tafi. Na raka ta bakin titi da safe, ina riƙe da jakar da ta hana ni ɗauka. Akwai maganar da na shirya tun daga gida. Na so in ce mata aikinta bai cika ba, domin ta yi wa 'yan goyo akwatin gargaɗi amma ni ba wanda ya jera min abin da zai yi shiru. Da motar Kano ta tsaya, abin da ya fito daga bakina shi ne kada ta manta da caja. Ta ce tana jaka. Ta ce tsohuwar kwamfutar ta bar min, kada in ɗora kwanon fura a kai.

Na koma gida na tsaya a zaure na kasa kunne, don jiki ya saba.

Yanzu ni da Isyaku ne masu riƙe da shafin saiti. Shi idonsa ya yi rauni, ni kaina ya yi tauri, in aka haɗa mu ana samun mutum guda. Ba mu taɓa kiranta kan matsala ba, ko da yake akwai ranar da na yi sha'awar in lalata wani abu don in samu dalilin kira. Tana bugowa ranar Juma'a. Ta ce akwatin nan yanzu yana fitowa a harsunan da ba ta ma san sunansu ba, Agwagwa kuma ya ba ta izinin duba aikin wasu, ita ma ta zama mai dawo wa mutane da aiki. Kafin in rubuta wannan na tambaye ta ko ta yarda in faɗi maganar iyaka. Ta ce in faɗa, amma in ƙara da cewa watannin farko kam da gaske kaina ne. To na ƙara.

Habibu, ka karanta wa matarka wannan a hankali, ka ce ban riƙe ta a raina ba. Miyar matar Sule har yau ba gishiri. Akuyar ta haihu, 'yan biyu. Bayan la'asar, in na ɗaure su na watsa wa kaji tsaba, nakan shimfiɗa tabarma in ɗora kwamfutar a kan kujerar tsugunno, in buɗe shafin daddawa. Na san bayanin da ka, in aka ba ni kalwa yau zan iya, kuma ba a sa gishirin a inda nake cewa. Ina barinta ta yi ta yi har ta zo wurin. Ta ce in fita, Auta ta yi dariya. Sai in gyara zama in ce mata, ba inda zan je.